Matar da ta bar gidan rediyon Sabha

Shekarun da nake zuwa Guangzhou saro mayafai da abaya, a wani ofishin tura kaya da ke kan titin Huanshi Lu nake auna kayana. Na wani Balarabe ne ɗan Libiya, amma yayarsa ce ke zama a teburin gaba. Doguwa ce, ta doshi hamsin, Hausarta irin ta Agadas, domin a Sabha ta tashi cikin maƙwabta 'yan Nijar. Da 'yan China masu dako kuwa ba ta wuce "laban" da "meyo", wato "maigida" da "babu", sauran da hannu take ƙarasawa.

A wani zuwa kwantenarmu ta maƙale a tashar jiragen ruwa ta Nansha, na rasa abin yi, sai na riƙa yini a wurinta muna shan shayi. Ran nan na ji tana yi wa wani bayani a waya, kalma bayan kalma, ba gaggawa. Da ta ajiye na ce, "Hajiya, wannan murya ai ta rediyo ce."

Ta yi dariya. "Can na fito, 'yar'uwa."

Ta ce zamanin tsohon shugabansu takarda ake miƙo mata ta karanta, ba ta isa ta sauya harafi ba. A gida ma, idan mahaifinsu zai taɓa maganar gwamnati sai ya ƙure sautin talabijin tukuna. Da jiragen Turawa suka zo, mulkin ya faɗi, ta ce har guɗa ta yi. Ta buɗe shirin da ake bugo waya kai tsaye. Mata suka riƙa kira, wata kan ɗanta da ya ɗauki bindiga, wata kan makarantar 'yan mata da aka rufe. Wasu Turawa ma sun zo sun ba su horo, suka ɗauki hoto da ita.

Sai wata safiya samari suka shigo gidan rediyon da bindigogi. Shugabansu ta san shi tun yana goye. Ya ce muryar mace al'aura ce, dole ta bar aikin.

"Na ce masa matan Annabi sun karantar da maza. Ƙasa kawai yake kallo. Da sati ya zagayo aka ƙona motata a ƙofar gida."

Ta nemi waɗanda suka ba su horon, aka ce sun kwashe sun tafi. Ƙanenta ya aiko mata da tikiti, ta taho Guangzhou.

Wani Alhaji ɗan Maraɗi mai saro babura yana zaune yana jiran takardunsa, duk ya ji. Ya gyara zama ya ce, "Hajiya, da sun bar muku tsohon nan da ya fi. Makaman da suka watsu bayansa su ne yau a dajinmu."

Ta zuba masa shayi kafin ta amsa. "Alhaji, ɗan baffana ya shiga kurkukunsa, har yau ba mu ga ko gawarsa ba. Bakina ba zai ce ya fi ba. Masu jiragen ma ba zan gode musu ba, sun rushe suka tafi."

Alhajin ya ce Allah ya kyauta, muka ce amin.

Washegari ta tambaye ni yadda rediyo yake a Kano. Na kunna mata wani shirin siyasa da ke cikin wayata, wani yana ta caccakar gwamnati, mai gabatarwa yana ƙara zuga shi. Ta kara wayar a kunne ta saurara har ƙarshe.

"Wannan a gidansa yake kwana?"

Na ce yawanci. Wani lokaci akan kama mutum, a yi ta surutu, a sake shi. Na kuma gaya mata muna da malaman da aka harbe saboda wa'azinsu ya saɓa wa masu bindiga. Ta jinjina kai, ta ce in tura mata shirin.

Da na koma bayan annoba, wata 'yar China na tarar a teburin. Ƙanen ya ce mahaifiyarsu ce ta kwanta ciwo, yayar tasa ta koma gida jinya, ba ta dawo ba. Yanzu 'yan matan unguwa take koya wa karatu a tsakar gida. Ya kira ta muka gaisa, ta tambayi yarana, ta ce in na samu mayafi ruwan toka mara nauyi in ba shi ya aika mata.