Motar da Na Saya Don Ƙafar Baba

Ni ban taɓa sha'awar mota ba. Koyarwa nake yi a wata sakandare a Samaru, keke mai ƙafa uku yana ɗaukata daga bakin layinmu ya sauke ni a ƙofar makaranta, ban taɓa jin na rasa komai ba. Ƙafar Baba ce ta sa na sayi mota. Ciwon suga ya buɗe masa gyambo a dunduniya, likita ya ce duk mako a kawo shi a wanke a duba, in aka yi sake ƙafar ba za ta tsira ba. Baba kuwa yana ƙauyenmu, can bayan Basawa, inda kwalta take ƙarewa a bar ka da jar ƙasa da wata fadama da dole sai ka ratsa. Da rani ko akwalar tasi tana shiga. Da damina sai babur, shi kuma ba ya iya zaman babur da kumburarriyar ƙafa.

Na yi roƙon duniya ya dawo wurina da zama, ya ƙi. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka Uwata yake kirana, kuma da wannan kiran yake kashe min baki duk lokacin da ya ga na ɗauko faɗa.

"Uwata, in na tare a garinku wa zai duba masarar? Gwaggonki na nan tana dafa min. Ke dai ki riƙa zuwa kina ɗaukata."

Na sayar da ɗan filin da nake da shi, na sayi ƙaramar jif ta hannu, irin wadda ake cewa Beljiyam, mai jan ƙafa huɗu. Ranar da zan biya na sa dillalin ya nuna min abin da ya bambanta ta da sauran motoci. Ya sa na durƙusa na leƙa ƙarƙashinta, ya nuna min wani dogon ƙarfe da ya taso daga wajen inji ya tafi har tsakanin tayoyin baya. Ya ce farfela ke nan, ita take kai ƙarfi baya, idan tayoyin gaba suka fara sulɓi na baya su kama su tura. Don wannan ƙarfen na sayi motar, sauran duk rakiya suka yi masa.

Daminar farko kam ta fitar da ni kunya. In shiga fadamar nan taɓo har gindin ƙofa, in ji motar ta ɗan yi jim, sai ta yunƙura ta fita. Baba yana kwance a kujerar baya ƙafarsa a kan matashi, yana ɗaga wa manoma hannu ta taga kamar wanda ya ci zaɓe. Gyambon ya fara haɗewa. Na yi farin cikin da na daɗe ban yi irinsa ba.

Da rani ya shigo motar ta fara 'yan ƙananan laifuffuka, aka haɗa ni da wani bakanike a Sabon Gari, ta hanyar Dogarawa. Mutum ne mai ladabi, ba ya wasa da salla, Hajiya yake ce min alhali ko filin jirgi ban taɓa zuwa ba. Sai dai gyara a wurinsa abu ɗaya ne: duk abin da ya dame ka, a cire shi. Inji ya ɗan yi zafi, ya cire wani ɗan ƙarfe da yake tsare ruwa, ya ce na ƙasar sanyi ne, mu ba ma bukatarsa. Wata fitila ruwan ɗorawa ta kunnu a gaban sitiyari, da na dawo ɗauka na tarar ta mutu, na yaba masa. Sai da rana ta haska wurin na ga baƙin salatif ya manna a kai. Na koma na yi masa tas, ya saurare ni har na gama, ya ce, "Ai tana tafiya, Hajiya." Na ba Baba labari, ya yi dariya har da tari, daga nan duk abin da ya lalace a gida, ko rediyo ko buta, sai ya ce ai tana tafiya.

Bayan nan wani gurnani ya fara tasowa daga ƙarƙashin kujera idan na ɗan taka mota. Na kai masa da safe na wuce makaranta, na dawo da la'asar. Gurnanin ya tafi. Motar ta yi shiru, ta yi sauƙi a hannu. Ya ce har shan mai ya rage min, na yi godiya na tafi.

Sai na shiga shirin damina gadan-gadan. Na je Jushi na sa mata sababbin tayoyi huɗu iri ɗaya masu manyan haƙora. Na sa aka canza mata sifirin, ƙarafan da suke ɗage jikinta daga kan tayoyi, ta ƙara tsayi. Na sa mai walda ya rufe ƙasan inji da farantin ƙarfe saboda duwatsu. Mai taya ya shiga ƙarƙashin motar nan, mai sifirin ya shiga, mai walda ya wuni a can. Ba wanda ya ga abin da ya isa a faɗa min, domin a wurinsu haka ƙarƙashin irin wannan motar yake a garin nan. Ɗalibaina suna zagaya ta suna cewa, "Anti, wannan motar taki ta zama sai a daji." Ni kuma ina jin daɗi.

Ranar da ruwan farko mai ƙarfi ya sauka ina ƙauye. Na shiga da safe ƙasa a bushe, muna cikin shirya Baba hadari ya haɗo, ya zuba ya ɗauke. Ban damu ba. Na kwantar da shi a baya, muka kama hanya, na shiga fadama yadda na saba. Motar ta yi jim. Na jira yunƙurin nan, bai zo ba. Na ƙara taka ta, tayoyin gaba suka hau juyawa suna feshin taɓo har kan gilashi, gaban motar yana nutsewa. Na leƙa ta taga, na ga tayar baya a tsaye cik da sababbin haƙoranta, ko motsi ba ta yi.

Na fito, na tattare zanina, na durƙusa a cikin taɓon na leƙa. Ba ƙarfen. Daga inji har baya fili ne fetal, sai ramukan kusoshi. Na daɗe a durƙushe a wurin, har Baba ya ƙwanƙwasa gilashi yana tambayar ko lafiya. Manoma suka ajiye fartanya suka zo suka tura mu baya, aka mai da Baba gida a kafaɗa. Ni sai da yamma, da ƙasa ta ɗan tsane, suka tura ni na haye ba kowa a ciki. Ranar ce ta farko da ya rasa ganin likita.

Washegari ko makaranta ban je ba, na dira a gareji.

"Malam, ina farfelar motata?"

"Au, ita? Ai ita ce take miki ƙara, Hajiya. Boris ɗin tsakiyarta, wanda take juyawa a cikinsa, shi ne ya mutu, kuma ba a samunsa. Na cire miki ita gaba ɗaya ki huta."

"Na ce ka cire?"

"Kowa cirewa yake yi. Je ki duba duk masu irin motar nan a Zariya. Nauyi ce kawai da shan mai."

"To ɗauko min abata."

Ya sosa ƙeya. A gareji, abin da aka cire daga mota ya zama na gareji. Ana tara shi a bayan rumfa, masu sayen tsofaffin ƙarafa su zo da sikeli su kwashe. Tawa ta daɗe da tafiya. Na faɗa masa maganganun da ban taɓa faɗa wa babba ba, har masu gyaran da ke gefe suka bar aiki suna kallona. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ba ƙarya yake yi ba, kuma bai ga laifinsa ba. A zuciyarsa alheri ya yi min, ga shi na zo ina masa butulci.

Na shiga shagunan kayan mota na Sabon Gari ɗaya bayan ɗaya. Akwai fitilu, akwai madubai, akwai rediyo mai talabijin, akwai duk abin da zai sa mota ta yi kyau. Wani Ibo mai shago, dattijo da Hausarsa ta fi ta wasu ɗalibaina, ya dube ni da tausayi ya ce, "Madam, tun da na buɗe shagon nan ba wanda ya taɓa tambayata wannan. Mutane cirewa suke yi, wa zai kawo abin da ba a saya? Amma bari in yi waya Legas."

Kafin Legas ta amsa wani ya samo min ɗaya daga Kaduna. Da aka gwada sai ta gaza, ta wata ƙirar ce. Mai walda ya ce wannan ba komai ba ne, ya yanka ta ya ƙara mata guntun bututu. Da na hau titi motar ta kama karkarwa har haƙorana suna haɗuwa. Ban kai Samaru ba na ji ƙara kamar an jefar da tukunya, ƙarfen ya karye daga wurin ɗinkin yana jan ƙasa. Aka sake cirewa. Na koma inda na fara, an kuma shiga tsakiyar damina.

Na gwada wata dabara. Na ajiye motar inda kwalta ta ƙare, na sa a fito da Baba a amalanken shanu. Ya yarda ya gwada, amma girgizar ta sa gyambon ya buɗe yana zubar da jini, ya iso yana haɗa gumi. Mako na gaba ya ce ba zai sake ba.

"Sai motar ta gyaru, Uwata. Mai kemis yana wanke min. Ba an ce kayan na hanya ba?"

Ya yarda da motar nan fiye da yadda ni na taɓa yarda da ita. Duk Asabar nakan hau babur in shiga da bandeji da magani, in iso jiƙe da taɓo, in kwance ƙafar da hannuna. Duk Litinin in biya shagon dattijon nan, ya girgiza kai tun kafin in yi sallama. Yau a ce an samu a wata mota da ta yi hatsari, gobe a ce da aka je an tarar ita ma an riga an cire mata. Na fara jin wari a ɗakin Baba tun daga bakin ƙofa. Gwaggo tana turara ɗakin kafin in iso, don kada in ji. Ranar da na ga yatsunsa biyu sun yi baƙi na yi kuka, na yi faɗa, na ce ko a kafaɗa sai an fitar da shi. Ya ce masara ta fara fitar da gemu, a ɗan ƙara masa haƙuri. Ban taɓa jin haushin mutum da tsoron rasa shi a lokaci ɗaya kamar ranar ba.

Zazzaɓi ne ya yanke gardamar. Da ya daina gane mutane, maza suka ɗora shi a kan ƙyauren ƙofa suka ratsa fadamar da ƙafa, ruwa har gwiwa, ni ina jiransu a bakin kwalta da jif ɗina mai tsayi da sababbin tayoyi. A babban asibiti likitan ya kwance bandejin, ya duba, ya mayar. Bai yi min faɗa ba, na ma fi so a ce ya yi. Ya ce daga ƙasan gwiwa za a yanke, kuma a yi godiya ga Allah da aka kawo shi a ranar.

Yanzu Baba yana wurina a Samaru, abin da na shekara ina roƙo. Yana ɗakin da tagarsa take kallon tsakar gida, inda nake ajiye motar. Wani ɗan'uwa ne ya girbe masarar, Baba bai tambayi buhu nawa aka samu ba. Ba ya dariya, ba ya gardama, abin da aka ba shi ya ci. Sandunan da aka ba shi a asibiti suna jingine a bango inda aka ajiye su tun ranar da muka dawo.

Bayan ruwa ya ɗauke dattijon nan mai shago ya kira ni. Cikin murna ya ce an samu farfelar, ta ainihi, da boris ɗinta lafiya lau, tana shagonsa. Na yi masa godiya. Na shiga wurin Baba na zauna a bakin gado, na ce, "Baba, kayan motar nan sun iso. In an ɗaura, ko da damina zan riƙa kai ka kana ganin gona."

Bai juyo ba. Yana kallon motar ta taga, hannunsa a kan zanin da ya rufe inda ƙafar take a da.

"Ki bar ta haka, Uwata," ya ce. "Ai tana tafiya. Ni ma da aka cire, ga ni nan."

Har yau ban je na karɓo ƙarfen ba. Dattijon yakan kira, in ga lambarsa in bar wayar ta yi ta ƙara har ta gaji.