Sunan Kakana Ba Ya Cikin Jerin

Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Lokacin kullen korona ne, mu shida a ɗaki ɗaya a Umm Salal, can ƙasar Larabawa inda muka je neman kuɗi, ba aiki, ba masallaci, sai surutu. Cikin surutun nan na saki baki na ce kakana ya zauna a majalisar sama ta jiharmu, ta manya, tun kafin soja su rushe ta. Ba ƙarya na shirya ba. A gidanmu ba a kama sunansa saboda kunya, "Na Majalisa" kawai ake cewa. Ni da na ci sunansa, ba a taɓa kirana da shi ba.

Akwai wani direba ɗan Zongon Kumasi a ɗakin, irin mutanen da ba a faɗin magana a gabansu ta wuce. Ya lalubo jerin 'yan majalisar a wayarsa, muka bi suna ɗaya bayan ɗaya har ƙasa. Babu. Aka yi dariya har da riƙe ciki. Daga ranar ko shayi za a miƙo mini sai an rusuna an ce, "Ga shi, jikan majalisa."

Na kira goggona, ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yansa. Ta ce ai tafinta ne. Manya su yi magana da Hausa daga zaune, shi ya juya ta zuwa Turanci a tsaye, tun safe har la'asar. Ita ce mai gasa masa ƙafafu da ruwan zafi in ya dawo. In wani ya yi baram-barama, kakana ke gyara ta kafin ta shiga takarda.

Kunyar da nake ji ta koma haushi. Wato har wanda ya yi shekaru yana gyangyaɗi a kujera sunansa na nan, amma bakin da kowace magana ta bi ta cikinsa babu wanda ya ga ya isa a rubuta shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Da gasar cin kofin duniya ta zo, aka ajiye ni gadi a ƙofar filin wasa a Al Rayyan. Wata rana wani dattijo ya iso da babbar riga, 'yan rakiyarsa suna ta "Sanata, Sanata". Tikitinsa na waya ya ƙi buɗewa, wani jami'i Balarabe ya hana shi shiga, dattijo ya fara zazzaga faɗa da Hausa. Na shiga tsakani ina yi musu tafinta. Dattijon ya ce wa jami'in mara tarbiyya, ni na ce yana roƙon a sake dubawa. Aka duba, aka ce yalla, wato ya wuce. Ya kama hannun Balaraben ya girgiza, ya yi masa godiya, ya wuce ni kamar turke.

Ban san lokacin da na sha gabansa ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ka tambayi sunana ba."

Ya tsaya yana kallona. Na faɗa masa cikakken sunan, da ƙarfi, wanda tun tasowata ban taɓa jin an furta shi a gidanmu ba.