Faifan Sola a Gidan da Ba Mita

Baba Badamasi direba ne, ɗan Malumfashi, kuma duk ƙarfinsa a Maitama ya ƙarar da shi yana jan wani oga ɗan kwangila. Ɗakinsa na kallon nawa a gidan hayarmu da ke bayan kanikawan Apo. Ina ce masa Janar saboda yana tafiya kamar zai duba fareti, shi kuma yana ce mini Ba-aiki, ba kuma ƙarya ya yi ba.

Ba albashinsa ne ya riƙe gidan ba, firizar matarsa ce. Inna Lantana na ƙulla zoɓo da kunun aya tana sayar wa kanikawa da sanyinsu. Ta sha faɗa, ba da faɗa ba, cewa ranar da firizar nan ta tsaya ita da yara sai gida, don abin da yake kawowa a haya yake ƙarewa.

Oga ya sa sola a Maitama. Kullum Baba na tuƙi yana jin sa a waya yana yi wa abokai fafa, wai kuɗin wutarsa ya karye fiye da rabi. Gaskiya ya faɗa. Gidansa na da mita mai kati, kuma yana kan Band A, layin masu tsada, don haka duk wutar da bai ja ba ta zauna masa a aljihu. Wannan ɓangaren ne bai shiga kunnen Baba ba.

Da oga zai koma ƙasar waje sai ya sallame shi da tsohuwar mota. Baba bai yi shawara da kowa ba ya kai ta Apo ya sayar, ya dawo da faifan sola da batura na hannu. Ranar da aka kafa su har shadda ya sa. Ya ce da Inna daga yau firiza ba za ta ƙara jiran kowa ba, kuma sun gama da bil.

To mu gidanmu ba mita. Bil ɗin kintace ake kawo mana, kamar wani ya hango rufin daga titi ya yanke. Madam Perpetual, mai kula da gidan, ita ke rabawa ta hanyar foyin: ƙwan fitila foyin ɗaya, fanka ɗaya, firiza kuwa tuli guda. Ba a tambayar ka kunna ko ba ka kunna ba. Abin da ido ya gani a ɗakinka shi ne naka.

Ƙarshen wata rabon Baba ya fito yadda yake, ko sisi bai ragu ba. Ya je ya yi mata bayani a natse a gabanmu, cewa shi yanzu daga rana yake sha.

"Baba, to rana ta zo mitin ɗin 'yan haya ta faɗa da bakinta," in ji Madam. "Ni firiza na gani, firiza na ƙirga."

Muka yi dariya, har da ni. Shi bai yi ba.

Ana cikin haka aka gama wani rukunin gidajen masu kuɗi a bayanmu, layinmu ɗaya da su, sai muka wayi gari mu ma a Band A. Ni da ko dutsen guga ba ni da shi na zama babban mutum. Bil ya yi tsalle, rabon firiza ya fi na kowa tashi. Baba ya ce ba zai biya wutar da bai sha ba, a yanke masa wayar wuta kawai. Inna ta roƙe shi ya bari damina ta wuce, Thaddeus mai gyaran wuta ma ya ce baturan nan sun ga duniya. Ya ce a yanke. Aka yanke.

Watan Agusta ya shigo da hadari mara tashi. Sai a wuni ba a ga rana ba. Batura su ɗan yi nishi su kwanta, firiza ta bi su. Zoɓo ya yi tsami, kunun aya ya kumbura leda, kanikawa suka koma wurin wata mai janareto. Inna ta zubar da roba guda a kwata, washegari ta ƙara zubar da wata.

Baba ya sauke kai ya nemi a mayar da shi kan layi. Mitin ya ce to, amma sai ya cike watannin da ya fita, tunda rabonsa a kanmu ya faɗo. Ba mugunta suka yi ba, kowa a matse yake. Shi kuma ba mota, ba oga, kuma a shekarunsa ba mai ɗaukar sabon direba.

Wata rana da safe Inna ta ɗaure kaya. Na taya su ɗauka zuwa tashar Utako. Ba ta yi masa gori ba, ta dai ce ya riƙa cin abinci.

Firizar, Madam ce ta saya. Faifan na nan a kan rufi, yanzu da rani ya shigo yana aiki kamar sabo, duk gidan wurin Baba muke cajin waya, ba ya karɓar komai. Jiya na kai tawa na same shi zaune bakin ƙofa, fitila a kunne da tsakar rana.

"Janar, ba za ka kashe ba?"

"Bar ta, Ba-aiki," ya ce. "Wa zan ajiye wa?"