Masakwar Aba Ajimi

Duk wanda ya zauna a Moduganari a shekarun da mutanen ƙauye suka cika Maiduguri ya san Aba Ajimi, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon dattijon nan da ba ya wuce gindin famfo ko bakin kududdufi sai ya duƙa ya ɗebi ƙasa, ya murza a yatsa, ya shinshina, ya watsar. Masu shaguna sun ɗauka wahalar gudun hijira ce ta taɓa masa kai. Lafiyarsa ƙalau. Ƙasa yake nema, kuma duk ta garin babu wadda ta yi masa.

Manomin masakwa ne daga wani ƙauye gaba da Konduga. Ita masakwa dawa ce mai taurin kai, ba ruwanta da damina. Sai ruwa ya kusa ɗaukewa ake yafa irinta, in ya yi tsayi a cire a dasa a baƙar laka mai tsagewa, a zuba wa kowane rami ruwa cikin moɗa, shi ke nan har girbi. Tasu fara ce tas, kuma daga hannun kakansa ta zo. Ranar da 'yan Boko Haram suka shigo, kowa ya suri abin da ya fi ƙauna, shi kuwa ya suri goran iri gauraye da toka mai hana ƙwari ci. Matarsa Yagana ba ta daina yi masa tsiya ba: mazan mutane sun ɗauko bargo, nata ya ɗauko toka.

Tsiyar ba ta dame shi ba. Abin da ke cin ransa shi ne iri ba ya jira. Shekara uku, in an yi sa'a huɗu, sai ya mutu a cikin goran ba tare da kowa ya ji ba. An ƙone rumbunan ƙauyensu. Ya bi sansani-sansani yana tambayar mutanen yankinsu, bai samu mai ko ƙwaya ɗaya ba. Wanda ya fito da ita yunwa ta sa ya daka. Damina uku ta wuce shi a ɗakin haya, yana kewar gonarsa kamar yadda ake kewar mutum.

A lokacin ne wasu mutanen gari suka kafa gidauniya: 'yan kasuwa, malaman makaranta, tsofaffin ma'aikata, da Ibo masu shagunan kayan gyara, kowa na kawo abin da ya sawwaƙa. Ba su da manyan motoci, amma suna da hali ɗaya mai kyau, sai sun tambaye ka abin da kake buƙata. Wata ta ce keken ɗinki, wata unguwa ta ce rijiya. Da wakilinsu Babakura, mai shagon yadi, ya durƙusa gaban Aba Ajimi ya yi tambayar, tsohon ya ce ƙasa.

Ai kuwa suka yi bajinta. Suka aro fili a gefen gari, ta cikin ramin da sojoji suka kewaye garin da shi, suka sa tarakta ta kafce, suka haɗa da taki da irin wake, ruwan fari na sauka suka kai tsohon wurin. Jigawa ce, rairayi zalla. Babakura haifaffen unguwar Limanti ne a cikin gari, yana gane shadda da taɓawa ido rufe, amma a wajensa ƙasa duk ƙasa ce, shuka kuma da damina ake yi.

Aba Ajimi ya murza rairayin, ya ji zuciyarsa ta karye. Sai ya yi godiya har sau uku, ya sa albarka. A tarbiyyarsu ba a kushe kyauta a gaban mai ita. Ya shuka waken, ya nome shi tsaf, goran kuwa yana rataye a ɗaka. Duk sanda Babakura ya leƙo ya tambayi gona, amsar ɗaya ce, sai godiya. Wata biyu suka tafi a haka, lokacin yafa iri ya matso, damina ta huɗu ke nan.

Yagana ce ta gaji. Ita kunyarta ba ta kai ta zuba ido a yi asara ba. Ta yafa mayafi ta tafi ofishin gidauniyar, ta yi dace da Madam Pindar, tsohuwar malamar gona 'yar Biu, ta zayyana mata komai. Madam Pindar ta yi dariya har da hawaye, ta kira Babakura ta ce masa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma fa sai an tambaye shi sau biyu.

Babakura ya zo yana sunkuyar da kai.

"Baba, me ya hana ka faɗa mini?"

"Ɗana, da hannu biyu ka kawo. Da wane baki zan ce ba ita ba ce?"

Kwana shida suna zaga bayan gari su uku da Madam Pindar a Keke Napep, tsohon na sauka yana murza ƙasa. A wani kwari da masu bulo suka haƙe suka bari, ya duƙa bai tashi da wuri ba. Laka ce baƙa mai danƙo, faɗinta bai fi tsakar gida ba. Gidauniya ta nemo mai wurin ya ba da aro, ta kewaye kwarin da waya saboda awaki.

Ya juye goran gaba ɗaya a fangali guda, don babu abin da za a rage wa baɗi. Lafiyayyen iri kwana huɗu yake yi ya tsiro. Aka yi mako wurin shiru. Ya daina cin abincin kirki, ya daina hira, kullum yana tsugune a bakin fangalin. Ran na tara ya ga tsinke-tsinke kore. Daga goran da a da yake cika gona guda, ashirin da uku suka fito. Ya dasa su da sanda mai tsini kamar yadda ubansa ya koya masa, ya yi wata huɗu yana korar tsuntsaye. Zangarniya goma sha ɗaya ya yanka.

Da la'asar ya shigo da su a ƙunshe cikin rawaninsa, ya baje a tabarma. Ya san shekara huɗu Yagana na ambaton tuwon gida, tana cewa shinkafar gari ba ta riƙe mata ciki. Ya san kuma ba don ita ba da goran ya mutu a rataye. Ya zaɓi mafi girma biyu ya miƙa mata, ya ce ta daka, ko kunu ne ta dama ta sha.

Ta karɓa ta kai hanci, ta daɗe ba ta sauke ba. Ya ga idonta ya ciko. Sai ta mayar da su cikin 'yan'uwansu, ta gyara musu zama.

"Malam, ajiye," in ji ta. "In muka ci a nan, mun zauna ke nan."

Ta tashi ta nufi murhu ta ɗebo masa toka.