Sabuwar masara a robar Baba

Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye, haɗiya ta gagare shi. A asibitin Kaduna aka huda masa ciki aka sa roba, ta nan nake ɗura masa kunu da magani da sirinji. Nas ta ja mini kunne: komai a tace, a bi shi da ruwan ɗumi. Na maimaita wa mutan gidanmu har bakina ya gaji.

Robar nan ta sha mini kai. Yau bakin ramin ya yi ja yana tsattsafo da ruwa, gobe kunu ya dawo ya jiƙa masa riga. Toshewa na fi tsoro, don in ta toshe sai Kaduna, kuma kowa ya san yadda hanyar dajin nan take. Ba na son in sa tsoho a mota ina karanta duk addu'ar da na iya.

A kakar da muka fara samun shiga gonarmu ta Gayam bayan shekarun gudun 'yan bindiga, na dawo daga kasuwa na tarar da Inna, mahaifiyata, tana danna sirinji da hannu biyu. Sirinjin ya ƙi tafiya. Kunun sabuwar masara ta dama, da tsakinsa da komai.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Inna! Sau nawa zan faɗa? Kashe shi za ki yi?"

Ta ce, "Ke, a gidan nan wa ya taɓa sa sabon hatsi a baki kafin Malam? Tun safe jikokinsa ke kallon tukunya."

Na zauna ina tura ruwan ɗumi, ina ja, ina murza robar da yatsu. Lokacin maganinsa ya wuce. Baba na bina da ido. Sai wajen la'asar gudajin da ya toshe robar ya faɗa ciki.

Na ɗauko ƙyalle mai tsabta na tace sauran kunun, na ɗura masa da kaina, har lokacin ina huci. Inna ta leƙa tsakar gida ta ce, "Malam ya ci, ku zo ku ci."

Baba yana ta motsa baki, busasshe, kamar mai tauna.