Baffa a Tsakiyar Fili

Ban taɓa mafarkin zama malamin motsa jiki ba. Na je kwalejin horon malamai neman gurbin lissafi, aka ce ya cika, mai rajista ya dubi tsawon ƙafafuna ya tura ni sashen wasanni. Da na gama aka kai ni wata ƙaramar sakandare a Ƙofar Ruwa, aka damƙa mini usur da ƙwallo ɗaya mai faci. Sauran malamai suna ce mini malamin tsalle-tsalle, har a gaban yara.

Hedimastanmu bai ɗauki aikina a bakin komai ba. Ya ce in zangon ya ƙare ba mu ci ko wasa ɗaya ba, zai ba lissafi lokacina, ni kuma in koma bakin ƙofa da bulala ina tare makararru. Abin ya yi mini ciwo, don a lokacin na riga na fara son aikin.

Yarana sun iya ƙwallo, amma kullum sai a lallasa mu. Sai da na zuba ido na gano dalili. Akwai wani dogon yaro da kowa ke ce wa Baffa, kuma da gaske baffan huɗu daga cikinsu ne, ƙanin ubanninsu, gidansu ɗaya a Jakara. Duk wanda ya sami ƙwallo a cikinsu, ko raga na gabansa a wangale, sai ya waiwaya ya miƙa wa Baffa, kamar yadda ake bar masa tsokar nama a kwano. Shi kuwa Baffa, Allah bai ba shi ƙafa ba.

Na ajiye shi a benci. Washegari huɗun suka ƙi sa riga, suka jeru kusa da shi suna kallon ƙasa. Na yi faɗa, na yi wa'azin haɗin kai har muryata ta dushe, ba wanda ya motsa.

Bayan an tashi na tsayar da Baffa, na gaya masa gaskiya ba kwana-kwana. Na zaci zai fusata.

"Malam, ai na sani," in ji shi. "Duk sanda ƙwallo ta nufo ni gabana faɗuwa yake. Sun ƙi dainawa ne, ni kuma kunyar faɗa nake ji."

Tausayinsa ya kama ni, na ji kunyar kaina. Na mayar da shi fili a matsayin ɗan baya, na ɗaura masa ƙyallen kyaftin, na ce aikinsa ya ba da umarni.

Ranar wasanmu na ƙarshe ya tara su ya ce, "Duk wanda ya ƙara ba ni ƙwallo, mu haɗu a gida."

Ana dab da tashi ba wanda ya ci, sai ƙaramin huɗun nan ya tsinci kansa shi da gola. Ya tsaya cak, ya juya yana neman Baffa, ni kuma ina hango kaina a bakin ƙofa. Daga can baya Baffa ya daka masa tsawa: "Buga mana, don gidanku!"

Ya buga, ta shiga. Yaran suka ruga, ba wanda ya bi ta kan mai cin, duk suka haye kan Baffa. Wannan ne karon farko da na ga yana dariya a cikin fili.