Waken Baba a injin wanki

Ruwa ya ƙi fita, ƙofa ta ƙi buɗewa, ga rigar Baba a ciki. Injin wankin kuma na Yaya Hadiza ne, amana ta bar mini. Sai na kira mai gyara.

Mai gyara ya kwance tiyon ƙasa, sai ga wake ya kumbura ya toshe shi tam.

Ya ce, "Hajiya, ƙosai za ki yi a inji?"

Ban yi dariya ba. Irin shuka ne da Baba ya samo a garin Bazaga, ya bari a aljihun rigar yana jiran ruwa ya sauka.

Inji ya gyaru. Amma Baba tun ɗazu yake kira, "Ɗiyata, ina irina?"

Jama'a, da wane baki zan gaya mishi?